Ɗakin ciki ko mai baranda: in taya ƙarin daraja a jirgin ruwan hutu?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Mun biya kuɗin hutun kwana bakwai a jirgin ruwan kamfanin MSC da zai tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen a watan Yuli, ya zaga Faransa da Italiya ya dawo. Mu biyar ne: ni da maiɗakina, 'yarmu mai shekara 9, ɗanmu mai shekara 4, da mahaifiyata wadda ke fama da ciwon gwiwa. Mun kama ɗakuna biyu na ciki, marasa taga, suna jere da juna a hawa na 10. Yanzu an turo min imel wai in taya, idan tayina ya karɓu a mayar da mu ɗakuna masu baranda. Kuɗin da suka ce a fara tayi da shi bai kai rabin bambancin da na gani lokacin da nake biya ba. In taya, ko akwai lauje cikin naɗi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Ba zamba ba ce, mutane da yawa suna tayawa suna cin riba. Amma a halin da iyalinka ke ciki, shawarata kada ka taya. Kana kallon abin da za a ba ka, wato baranda, ba ka kallon abin da za a karɓe daga hannunka, wato ɗakuna biyu da ka san lambarsu, ka san suna jere, ka san hawan da suke. A sana'ar shirya wa mutane irin wannan tafiya, ƙorafin da ya fi dawo mana ba na girman ɗaki ba ne ko rashin taga. Na wurin da ɗakin yake ne: hayaniya a sama, nisa da lif, ko an raba iyali gida biyu. Akwai wata hanyar samun barandar ba tare da ka rasa abin da ke hannunka ba, zan zo kanta.

Ire-iren ɗakunan a taƙaice

Kusan duk manyan jiragen nan ɗakunansu kashi huɗu ne. Akwai na ciki irin naku, akwai mai taga wadda ba ta buɗewa, akwai mai baranda, sai kuma manyan ɗakuna masu falo. Abin da ke ba sabon matafiyi mamaki shi ne ukun farko ba su da wani bambancin girma na a-zo-a-gani. Na ciki yakan kama daga murabba'in mita 13 zuwa 16, mai baranda wajen 17, sai barandar kanta mita 4 ko 5, kujera biyu da ɗan teburi. Gado iri ɗaya, banɗaki iri ɗaya, abinci ɗaya, ma'aikacin da ke gyara ɗaki ɗaya. Haske da iska kake saye da ƙarin kuɗin, ba wani abu ba.

Inda abin ke sauyawa da gaske shi ne can ƙololuwa. MSC na da sashen da ake kira Yacht Club, kamfanin Norwegian na da The Haven: ɓangare ne a killace, da ƙofarsa, da gidan abincinsa, da wurin iyonsa, da masu hidima na musamman. Wannan wata tafiya ce daban, kuɗinta ma daban, kuma ba ita ka tambaya ba.

Wurin da ɗaki yake

Manyan jiragen yanzu sun wuce mita 300 a tsawo. MSC World Europa mita 333 ne, Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki a 2024 ya kai mita 365. Ka ɗauka an ba Hajiya ɗaki a can goshin jirgi, alhali manyan gidajen abinci suna baya, kamar yadda aka saba gina su. Kowane cin abinci sai ta taka kusan tsawon jirgin zuwa, ta taka shi dawowa, a cikin siririn lungu da babu kujerar hutawa. Sau uku a rana, har mako guda. Mai ciwon gwiwa ba za ta ce maka komai ba, iyayenmu ba sa son ɗora wa kowa nauyi, sai dai ka ga ranar uku ta ce a kawo mata abincin ɗaki kawai.

Na biyu, tangaɗi. Jirgi yana motsi iri biyu: yana karkata hagu da dama, yana kuma ɗaga goshi yana saukewa. Akwai wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage karkatar gefe, amma ba sa hana ɗagawa da saukewar. Kamar doguwar motar haya ce a hanya mai gargada, na kujerar baya shi ke shan wuya, na tsakiya bai san ana yi ba. A jirgi gaba ya fi ko'ina motsi, baya na biye, kuma duk hawan da ka ƙara motsin na ƙaruwa. Tsakiya kuma ƙasa-ƙasa shi ne wurin mai saurin jiri. Bahar Rum a watan Yuli yawanci a kwance yake, amma a mashigin da ke kusa da birnin Marsel na Faransa akwai wata iska mai ƙarfi da ke saukowa daga arewa, takan tayar da ruwa ko da bazara, kuma ta nan za ku bi.

Na uku, hayaniya, kuma a nan ne taswirar jirgi ke da amfani. Tana shafin kamfanin a intanet, kyauta. Ka nemo lambar ɗakinka, sannan ka buɗe hawan da ke sama da wanda ke ƙasa, ka ga me ke daidai saitin ku. Idan ɗakunan kwana ne sama da ƙasa, ka dace. Idan wurin iyo ne a samanka, ma'aikata za su fara jan kujeru tun da asuba, ga wankin dabe cikin dare. Idan gidan abincin ɗebi-da-kanka ne, kekunan kwanuka ba sa tsayawa. Idan gidan rawa ko zauren wasanni ne a ƙasanka, kiɗa zai riƙa ratso gado har tsakar dare. Ɗakunan gaba na ƙasa suna jin ƙarar injinan da ke tura jirgi gefe idan zai jingina da tasha, kuma da sassafe ake isowa. Na can baya suna jin rawar farfela. A manyan jiragen MSC da yawa, hawa na 5 zuwa 7 na shaguna ne da gidajen abinci, kwale-kwalen ceto suna rataye wajen hawa na 7 da 8, wurin iyo yana wajen 15 ko 16. Ka ga ke nan hawa na 10 yana tsakiyar ɗakunan kwana. Wuri mai kyau ka kama, ko da saninka ko ba da saninka ba. In kana duba taswirar ka ga an tsallake hawa na 17, ba kuskure ba ne, Italiyawa na camfa wannan lambar kamar yadda wasu Turawa ke camfa 13.

Yadda tayin ke aiki

Jirgi ba ya son tashi da ɗaki mai tsada a rufe. Idan lokaci ya matso kuma masu baranda sun rage, sai a sa na ƙasa su taya, a hau da waɗanda suka fi bayarwa, ɗakunan cikin da suka bari kuma a sayar da su cikin sauƙi tunda su ne masu araha. Royal Caribbean na kiran nasu RoyalUp, Celebrity na kiran nasu MoveUp, Norwegian na da Upgrade Advantage, MSC ma na da irinsa. Sharuɗɗan sun yi kama da juna, kuma abubuwan da ke cikinsu su ne imel ɗin ba ya rubutawa da manyan baƙaƙe.

Lambar da ka gani ta mutum ɗaya ce, kuma ana lissafa mutum biyu a kowane ɗaki. Bari in yi misali da lambobi na ƙirƙira don lissafi kawai: ka taya yuro 150, to yuro 300 ne a ɗaki ɗaya, 600 a ɗakuna biyu. Kafin ka ce bai kai rabin bambancin ba, ka tabbata abin da kake kwatantawa duk na mutum ɗaya ne ko duk na ɗaki ne. Sannan mafi ƙarancin tayi ba kasafai yake ci ba a watan Yuli, lokacin da makarantun Turai ke hutu, jirage na cike maƙil. Akwai wani ɗan ma'auni a shafin da ke nuna maka tayinka rarrauna ne ko mai ƙarfi. Na mai kaya ne, an sa shi ne don ka ƙara.

Idan sun sallama, nan take za a cire kuɗin daga katinka, ba a mayarwa, kuma tsohon ɗakinka ya tafi. Kafin su sallama kana iya sauya tayin ko ka janye. Amsar tana iya zuwa saura makonni, tana iya zuwa saura kwana biyu, lokacin da ka riga ka buga takardun manna wa akwatuna da tsohuwar lamba. Idan fasfonku na buƙatar bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai kuma ba ta fito ba tukuna, kada ka ƙara ko sisi a kan abin da ba a mayarwa.

Babban abin kuwa shi ne ba kai ke zaɓar sabon ɗakin ba. Za a ba ka "mai baranda", amma wanne? Wanda ya rage bayan masu biyan cikakken kuɗi sun tsince nasu. Kuma waɗanda ke ragewa an san su: na can gaba, na ƙarƙashin wurin iyo, da waɗanda kwale-kwalen ceto ya tare musu gani, ka buɗe labule ka ga ƙaton kwale-kwale ruwan lemo a gabanka. Ban da wannan, kowane ɗaki tayinsa daban. Ana iya karɓar naka a ƙi na Hajiya. Ana iya karɓar duka biyun, a sa ku a hawa na 8 gaba, ita a hawa na 13 baya. Kamfanonin da kansu suna rubutawa cewa ba su yi alkawarin haɗa ɗakunan da ke tafiya tare ba. Na taɓa shirya wa wani iyali tafiya, na sha wuya kafin in samo musu ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, maigidan ya taya da kansa bai faɗa min ba, tayin ɗaya ya ci. Mako guda uwar tana hawa da sauka a lif da kayan barci don ta duba yara, kuma babu abin da za a iya yi, domin an sayar da tsohon ɗakin tun kafin su iso tasha.

Ga ma'aurata su biyu, masu ƙafa, waɗanda jiri ba ya damunsu, nakan ce su taya kaɗan su manta da shi, in ya ci riba ce. Kai ba haka lissafinka yake ba.

Barandar ma, a wannan hanyar, nawa za ka more ta?

Zagayen yammacin Bahar Rum tafiyar tashoshi ce. Jirgi yana tafiya da dare, ya wayi gari a wani birni: Marsel, Jenowa, Napoli, ko Civitavecchia inda ake sauka a shiga mota fiye da awa ɗaya zuwa Roma. Ku fita da safe, ku dawo da yamma a gajiye, wanka, abinci, barci. Yini ɗaya ne galibi ake yi a tsakiyar teku. Kuma da rana, abin da baranda ke kallo a tashoshin nan sau da yawa kwantenoni ne da manyan ƙugiyoyin loda kaya, ko wani jirgin da ya jingina daura da ku, fasinjojinsa na kallon ku kuna kallon su. Da a ce Alaska za ku, ko mashigan ruwan Norway irin su Geiranger inda duwatsu da magangarun ruwa ke wucewa a gabanka tsawon yini, da na ce maka ka biya baranda ko da za ka rage wani abu. A can kallon shi ne tafiyar.

Akwai kuma maganar sirri, wadda ta shafi uwargida da Hajiya. Mutane na zaton baranda wuri ne da mace za ta ajiye mayafi ta sha iska. Wani lokaci haka ne, wani lokaci a'a. Abin da ke raba ka da maƙwabci allo ne da bai kai ƙasa ba, ana jin magana, mai leƙe na iya leƙowa. A jiragen da aka gina hawa-hawa kamar matakala, na sama na ganin barandar na ƙasa gaba ɗaya. Wasu barandun ma ba teku suke kallo ba: tun daga jirgin Oasis of the Seas a 2009 ake gina waɗanda ke kallon tsakar jirgi, suna fuskantar wasu ɗakunan, World Europa ma na da irinsu. A tayi, irin waɗannan na iya faɗo maka idan ba ka karanta sunan rukunin da kyau ba.

Ɗan shekara 4 kuma abin lura ne. Shingen baranda ya ɗan wuce mita ɗaya a tsayi, yaro ba ya faɗawa haka kawai, amma ga kujera ga teburi a gefen shingen, kuma ka san ɗanka. Ƙofar na da makulli a sama. Duk da haka, iyaye da yawa da na sani sun kwana bakwai ido a kan ƙofar nan. Sai dokoki: ba a shan taba a baranda a yawancin kamfanoni, ba a shanya a kan shinge, ba a kunna komai mai wuta. An tsananta ne bayan gobarar jirgin Star Princess a watan Maris na 2006, wadda masu bincike suka danganta da guntun taba da ya faɗa wata baranda, mutum ɗaya ya rasu. Don haka a gaya wa uwargida tun daga gida, kaskon turaren wuta da dutsen guga za a ƙwace su a bakin shiga, ko wane irin ɗaki kuka kama.

Ban ce ɗakin ciki ba shi da aibu ba. Idan aka kashe fitila duhu ne ƙirin, ƙarfe goma na safe da ƙarfe biyun dare duk ɗaya. Masu son barci suna yabonsa, amma akwai wanda ƙirjinsa ke ƙuntata idan ba ya ganin waje, kuma mai jiri yakan samu sauƙi idan ya kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Ga mai sallah ma akwai ɗan aiki: ba ka ganin alfijir, kuma a Basalona a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, sai ka dogara da agogo. Bangon ɗakin ƙarfe ne, yana rikita kamfas ɗin waya. Abin da nake gaya wa mutanena shi ne su kunna tashar talabijin ɗin jirgi da ke nuna taswira da inda aka dosa, daga nan su ƙaddara alƙibla, wadda a wannan yankin tana tsakanin gabas da kudu maso gabas. Hukuncin sallah idan jirgi ya juya kana tsakiyarta kuwa, wannan na malamai ne, ka tambaya kafin ku tashi. Wurin shimfiɗa sallaya kuma, a ɗakin Hajiya ka sa ma'aikaci ya raba gadon gida biyu, kowanne ya jingina da bango, fili zai fito a tsakiya. Ku tafi da ƙaramar butar roba, banɗakunan ba su da tiyo.

Abin da zan yi da ni ne

Tambayar da ta dace ita ce wa zai fi zama a ɗaki. Ba kai ba ne, ba yaran ba ne. Hajiya ce. Mai yiwuwa ranar Roma ta ce ku je ku dawo, kuma gaskiyarta, tafiyar ƙafa ce mai yawa a kan duwatsun titi cikin zafin Yuli. Ita ce za ta yini a jirgi, ita baranda za ta yi wa amfani: ta zauna da carbinta da shayinta, ta ga gari daga nesa, ba sai ta kutsa cikin cunkoson wurin iyo ba.

Saboda haka ka kira wakilin da ya sayar maka, ko kamfanin idan kai tsaye ka saya, ka tambayi nawa ne a yau a mayar da ɗaki ɗaya kawai mai baranda, wanda kai za ka zaɓi lambarsa. A yawancin jirage ɗakunan ciki da masu baranda suna fuskantar juna, lungu ne kawai a tsakani. Ka nemi mai baranda da ke daura da ɗakinka a hawa na 10, Hajiya da jikarta su koma can, ku da ƙaramin ku zauna a na ciki inda babu ƙofar da zai buɗe. Da yamma kowa ya taru a wajen Hajiya a kalli fitar jirgi daga tasha. Cikakken bambancin ɗaki ɗaya sau da yawa ba ya nisa da tayin ɗakuna biyu mai ƙarfi, kuma ka san abin da ka saya. Farashi na hawa da sauka kullum, shi ya sa na ce ka tambayi na yau, kada ka tsaya kan wanda ka gani watannin baya. Ka kuma tambaya ko sauyin zai taɓa wani rangwame da aka yi maka tun farko, domin wani lokaci sauya rukuni na nufin sabon farashi da sabbin sharuɗɗa.

Ka lura da sunan tsarin da za a sa ka. A MSC akwai Bella, Fantastica da Aurea. A Bella kamfani ne ke zaɓa maka ɗaki, shi ne abin da sauran kamfanoni ke kira garanti: an lamunce maka rukuni, ba a lamunce maka wuri ba. Idan wakili ya ce ya samo maka baranda da araha sosai, tambaye shi lambar ɗakin. In babu lamba, ka koma gidan jiya, matsalar tayin ce a wata riga.

Idan gwiwar ta kai ga sanda ko keken guragu, to maganar baranda ma ta koma baya. Banɗakin ɗakunan yau da kullum yana da tudu a bakin ƙofa da sai an ɗaga ƙafa, wurin wankan kuma matsattse ne. Akwai ɗakuna na musamman masu faɗin ƙofa, babu tudu, da kujerar wanka da maƙalai a bango. Ba su da yawa a kowane jirgi, suna ƙarewa da wuri, kuma akan nemi a cike takarda kan lalurar. Ni ban ga Hajiya ba, kai da likitanta kuka san ko ta kai ga haka. Maganin jiri ma likita za a tambaya, musamman idan tana shan na hawan jini ko na suga.

Kada ka sa rai da cewa za ku shiga jirgi ka je teburin karɓar baƙi ka roƙi a sauya muku. Kamfanonin na lissafa cikar jirgi ne a kan mutum biyu kowane ɗaki, shi ya sa rahotanninsu ke nuna sama da kashi 100 cikin 100 idan aka haɗa yaran da ke gadaje na uku da na huɗu. Ranar tashi a lokacin bazara za ka tarar da allo a kan teburin an rubuta babu ɗakin sauyi. 'Yan ɗakunan da suka rage ana ajiye su ne don wanda famfonsa ya fashe ko na'urar sanyaya ɗakinsa ta mutu.

In ka kira aka ce babu mai baranda kusa da ku, ko kuɗin ya fi ƙarfin aljihu, ku zauna inda kuke. Ka duba taswira ka nemo lif mafi kusa da ɗakunanku, da hawan da ake fita waje a sha iska a inuwa, galibi wanda kwale-kwalen ceto ke rataye a samansa, ba cunkoso a can. Kuɗin da ka yi niyyar tayawa da shi ka ware shi don tasi a tashoshi irin su Marsel, inda akwai tazara tsakanin inda jirgi ke tsayawa da wuraren da za ku so Hajiya ta gani. Imel ɗin kuma za su sake turo shi sau biyu ko uku kafin ranar tafiya, ba sai ka amsa ba.